Rangwamen motocin lantarki: Ina rabon Anka, Gummi da Bukkuyum?

A farkon watan Oktoban 2024 ne Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Wale Edun, ta sanar da ɗauke harajin VAT daga kan wasu kayayyakin makamashi, ciki har da gas ɗin girki, da iskar CNG da ake ɗura wa motoci, da kuma motoci masu amfani da lantarki. Bayan wata biyu aka ƙaddamar da asusun Naira biliyan 20 domin bai wa 'yan ƙasa bashin sayen motocin da aka harhaɗa a cikin gida, bisa haɗin gwiwar hukumar bayar da lamuni ta CREDICORP da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci.

Hujjar gwamnati a bayyane take. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya zama tarihi, litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa, har ta haura Naira 1,000 a Oktoban 2024. Ko da ta ɗan sauka daga baya, ba ta koma ko kusa da inda ta baro ba. Gwamnati ta ce mafita ita ce a rage dogaro da fetur, a karkata ga gas da lantarki.

Manufar ba ta da aibu. Abin tambaya shi ne wanda rangwamen zai kai gare shi. Kuma wuri mafi dacewa da auna amsar ba Abuja ko Legas ba ne, sai irin garuruwan da cire tallafin ya fi yi wa illa, waɗanda suka fi nisa da ma'ajiyar mai, suka kuma fi ƙarancin wutar lantarki. Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara, suna cikin wannan sahu. Idan aka ɗora tsarin na yanzu a kan ma'auninsu, za a ga cewa an fara gini ne daga rufi.

Abin da aka tanada zuwa yanzu

Batun motar lantarki a Najeriya ya girmi wannan gwamnati. A ƙarshen 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona da ya harhaɗa a Legas, wadda aka gabatar a matsayin motar lantarki ta farko da aka haɗa a ƙasar. A 2021 hukumar NADDC, a lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya yi suna wajen zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, daga baya kuma ta kafa irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. A wannan shekarar ce marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawari a taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo cewa Najeriya za ta kai matakin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060.

A 2023 aka amince da sabon tsarin bunƙasa masana'antar motoci na shekara goma, wanda ya sanya burin cewa kashi 30 cikin 100 na motocin da za a riƙa ƙerawa a gida su zama na lantarki. A Arewa maso Gabas an wuce matakin takarda. A Disamban 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya 107 masu amfani da lantarki da gas da gwamnatin Babagana Zulum ta samar a Maiduguri, garin da Mustapha Gajibo ya daɗe yana mayar da ƙananan bas-bas masu shan fetur zuwa na batir. A Maris ɗin 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilolin sama da Naira biliyan 150 domin samar da bas-bas da kekunan lantarki da wuraren caji a jihohin yankin.

Ke nan tallafin iri uku ne: sassaucin haraji, da bashi mai sauƙin ruwa, da sayen motoci kai-tsaye da gwamnati ke yi. Biyun farko an yi su ne domin mutum ya mallaki tasa. A nan ne lissafi ke fara tangarɗa.

Lissafin albashi

Harajin VAT kashi 7.5 cikin 100 ne. A ɗauka ga sabuwar motar lantarki ta Naira miliyan 30, wanda ba farashin na alfarma ba ne a kasuwar yau, tun bayan da Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ɗauke harajin zai rage wa mai saye Naira miliyan 2.25. Kuɗi ne masu kauri, amma ga wanda ya riga ya mallaki sauran.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Mai karɓar wannan, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya shekara kusan 36 yana tarawa kafin ya haɗa miliyan 30, alhali shekarun aikin gwamnati gaba ɗaya 35 ne. Ma'aikacin da ke ɗaukar Naira 150,000 a wata zai buƙaci albashin wata 200. Bashin banki kuma ba mafita ba ne a ƙasar da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Asusun biliyan 20 ɗin ma, idan aka raba shi a kan wannan farashi, bai kai na motoci 700 ba, a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774.

Binciken talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma a Zamfara adadin ya kai kashi 78 cikin 100 na jama'ar jihar. A irin wannan wuri, sassaucin haraji a kan sabuwar mota kyauta ce da aka rataye a inda hannu ba ya kaiwa.

Masu kare tsarin suna da amsa, kuma ta cancanci a saurara. Suna cewa ɗauke haraji ba ya fitar da ko kwabo daga baitulmali, yana dai buɗe kasuwa ne; masu hali su fara saye, masu sayar da kayan gyara su biyo baya, bayan 'yan shekaru motocin su gangaro zuwa ga masu ƙaramin ƙarfi a matsayin na hannu, kamar yadda 'yan Kwatano suka cika titunanmu. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Sai dai motar lantarki ta bambanta da ta fetur a wuri guda mai muhimmanci: batirinta shi ne mafi tsada a jikinta, kuma shi ne ke fara gajiya. Zafi na ƙara masa saurin tsufa, ga shi kuma a Zamfara ma'aunin zafi kan haura 40 a watannin bazara. Tsohuwar Golf ko Sharon kowane bakanike a garejin Gummi zai iya sauke injinta ya mayar. Tsohuwar motar lantarki da batirinta ya raunana, mai ita ya sayi jiran gawon shanu.

Wuta kafin mota

A ce an warware batun kuɗi, wani ɗan kasuwa a Anka ya sayi motar. Ina zai yi mata caji?

Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. A tsarin hukumar NERC, masu samun wuta na aƙalla awa 20 a rana su ne 'yan rukunin A, waɗanda aka ɗaga wa farashi zuwa Naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, kafin a ɗan rage shi. Irin waɗannan layuka sun fi yawa a unguwannin manyan birane. Garuruwan da ke ƙarshen dogon layi, inda turke ɗaya ya faɗi sai a yi kwanaki cikin duhu, ba su cikin wannan lissafi. Ko manyan biranen ma ba su tsira ba. Babban layin ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma a 2024, kuma a Oktoban shekarar yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda babu wuta, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta biyo baya a layin da ke kawo wuta ta Makurɗi da Jos.

Mutum zai ce ai akwai janareta. A nan ne ribar ke narkewa. Matsakaiciyar motar lantarki na cin yunit 15 zuwa 18 a tafiyar kilomita 100. Ƙaramin janaretan fetur kuwa da ƙyar yake fitar da yunit ɗaya da rabi daga kowace lita. Wato kafin a tara wa motar cajin kilomita 100, an ƙona lita 10 ko fiye, alhali motar fetur mai lafiya za ta yi tafiyar da lita takwas. An gudu ba a tsira ba.

Ga kuma batun tazara. Tsakanin Gusau da Gummi, ta Mayanci da Anka da Daki Takwas, tafiya ce da ta haura kilomita 150. Direban da ke bin wannan hanya ba ya neman dalilin tsayawa ko na minti biyar a tsakiyar daji. Wanda fetur ya yanke wa yana iya samun galan ɗaya wurin 'yan bumburutu a ƙauye na gaba. Wanda caji ya ƙare wa sai dai a jawo shi. A wasu wurare wannan ɓata lokaci ne kawai. A wannan hanya batu ne na rai.

Abin hawan da ke ɗauke da yankin

Duk wanda ya san ranar kasuwa a Nasarawar Burkullu ko Gummi ko Bagega ya san cewa motar gida ba ita ce ke ɗauke da tattalin arzikin yankin ba. Babur ne. Shi ke kai buhun gero da shinkafa bakin titi, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai malamin firamare ƙauyen da aka tura shi. A cikin gari kuma ga Keke Napep. Ɗan kabu-kabu ne ya fi kowa jin zafin tashin fetur, kuma duk abin da aka ƙara masa a gidan mai yana bayyana a kuɗin da fasinja ke biya, daga nan ya shiga farashin kwanon hatsi.

A nan lissafin lantarki yana da ma'ana. A ɗauka ɗan kabu-kabu na yin kilomita 120 a rana, babur ɗinsa na cin lita ɗaya a kowane kilomita 40. Lita uku ke nan, wato wajen Naira 3,000 idan lita tana Naira 1,000. Babur ɗin lantarki zai yi wannan zirga-zirga da abin da bai wuce yunit biyar zuwa shida ba. Ko da an sayar masa da yunit a Naira 300, sama da farashin rukunin A, bai kashe Naira 2,000 ba. Ga shi babu canjin baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kafireto. Rarar Naira 1,000 ko fiye a kullum ita ce bambancin da ke tsakanin mai iya cika balas da wanda ake ƙwace wa babur.

Abu na biyu, batirin babur ƙarami ne. Ba ya buƙatar babban layin ƙasa. Ƙaramar tashar sola mai 'yan faifai a bakin kasuwa za ta iya cajin batura masu yawa da rana tsaka, lokacin da hasken ya fi ƙarfi. Wannan ba mafarki ba ne. A ƙauyen Gbamu-Gbamu na Jihar Ogun, kamfanin MAX ya gwada baburan lantarki da ke samun caji daga ƙaramar tashar solar ƙauyen. Tsarin kuma na taimakon ɓangarori biyu ne. Babbar matsalar ƙananan tashoshin sola a karkara ita ce rashin mai sayen wuta da rana, domin gidaje sun fi buƙatarta da dare. Baburan da ke musayar batir sukan zama wannan kwastoma na rana, su sa tashar ta iya riƙe kanta.

Kuɗin gina irin waɗannan tashoshi ma akwai. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wuta a Karkara ke gudanarwa, da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Abin da ya rage shi ne a haɗa shirin wuta da shirin sufuri, maimakon kowace hukuma ta kama gabanta.

Gani ga wane

Ƙasashen da suka riga mu sun bar darussa iri biyu. Na farko ya fito daga masu arziki. A Janairun 2024 Faransa ta ƙaddamar da shirin hayar motar lantarki ga masu ƙaramin ƙarfi a kan kimanin Yuro 100 a wata, inda gwamnati ke cika har Yuro 13,000 a kan kowace mota. Cikin makonni shida aka dakatar da shi, bayan buƙatun da aka amince da su sun kai 50,000, ninkin abin da aka yi kasafi, sai a ƙarshen Satumban 2025 aka sake buɗe shi da tallafi mafi ƙanƙanta. Jamus ta yanke nata tallafin kwatsam a Disamban 2023, cinikin motocin lantarki ya faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar da ta biyo baya. Amurka ma ta kawo ƙarshen rangwamen harajin Dala 7,500 a ƙarshen Satumban 2025.

Idan baitulmalin waɗannan ƙasashe ya gaji da tallafa wa motar gida, Najeriya da ta kashe sama da Naira tiriliyan huɗu a tallafin fetur a 2022 kaɗai ba ta da dalilin haƙa wa kanta sabon rami. Yuro 100 ɗin Faransa ma, idan aka canza shi, ya haura Naira 150,000, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashinmu.

Darasi na biyu ya fito daga ƙasashen da suka fi kama da mu. Indiya, a shirinta na PM E-DRIVE da ya fara a Oktoban 2024, ta cire motocin gida daga jerin masu cin tallafi, ta zuba kuɗin a babura da kekuna masu ƙafa uku da bas-bas da motocin asibiti da wuraren caji. A Ruwanda, kamfanoni irin su Ampersand sun gina tsarin da ɗan acaɓa ba ya sayen batir. Yana shiga tasha ne ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna, ya biya kuɗin wutar. Sai da wannan ya kafu sannan hukumomi suka daina yi wa sabbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. Habasha da ta hana shigo da motocin fetur a 2024 kuwa ta yi haka ne tana dogaro da wutar madatsun ruwanta, musamman babban dam ɗin Kogin Nilu mai ƙarfin sama da megawat 5,000. Kowaccensu ta dubi abin da ke hannunta ne kafin ta yanke shawara.

Babur da tsaro

Ba za a yi maganar babur a Zamfara a tsallake tsaro ba, domin shi ne abin hawan 'yan bindiga. A 2019 rundunar soji ta hana amfani da babura a dazuzzukan jihohin Arewa maso Yamma. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita gidajen man da za su yi ciniki da adadin da za a sayar wa kowace mota, aka kuma katse layukan waya. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun fetur. Amma manomi da ɗan kabu-kabu su ma sun ɗanɗana kuɗarsu, domin fetur ba ya tantance wanda ya saye shi.

Babur mai musayar batir yana da wata siffa da ta dace da wannan yanayi. Kowane batir na da lamba, kowane mahayi na da rajista, kuma galibin kamfanonin da ke wannan harka suna sanya na'urar da ke nuna inda abin hawa yake, har ma su iya kashe shi daga nesa. Wanda ya sace irin wannan babur ya shiga daji da shi, in batirin ya ƙare sai ya dawo tasha ko ya jefar. A wannan fuska ya fi na fetur sauƙin sa ido.

Sai dai bai kamata a kambama abin ba. Faifan sola ya riga ya isa daji, kuma duk kullen da mutum ya ƙera wani na iya ɓalle shi. Babur marar ƙara na iya zama abin sha'awa ga masu kai hari cikin dare. Na'urar bibiya ta dogara da layin waya, wanda ke da rauni a ƙauyuka da dama. Tashar caji kanta, da faifanta da baturanta, dukiya ce da za ta ja hankalin ɓarayi. Saboda haka farawa daga hedikwatocin ƙananan hukumomi da manyan kasuwannin da ke da jami'an tsaro ya fi hikima, tare da sanya masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙungiyoyin masu babura cikin tantance waɗanda za a bai wa.

Kada a sake kawo dalma

Akwai wani dalili da ya sa muryar wannan yanki ta cancanci a ji ta a muhawarar ƙasa kan batura. A 2010 duniya ta wayi gari da labarin gubar dalma a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Ƙurar duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta yi sanadin mutuwar yara aƙalla 400, wasu dubbai kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana yi musu magani. Dalma ba ta tsayawa a kisa. Takan taɓa ƙwaƙwalwar yaron da ya rayu har ƙarshen rayuwarsa.

Alaƙar wannan da motar lantarki ita ce, batir iri biyu ne a kasuwa. Akwai na litiyam, mai tsada da daɗewa, akwai kuma na dalma, irin wanda ke cikin motocinmu da yawancin solar gidaje, mai araha da saurin mutuwa. Kekunan lantarki mafi arha sukan zo da na dalma, wanda a aikin haya na kullum ba ya daɗewa kafin a nemi sabo. Matattun sukan ƙare a hannun 'yan gwangwan, a fasa su da gatari, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili. Mazauna Ogijo a Jihar Ogun, inda masana'antun narka tsofaffin batura suka taru, sun san sakamakon.

Idan aka ba da kwangilar kekunan lantarki bisa la'akari da araha kawai, za a iya shigo da dubban baturan dalma cikin yankin da bai gama warkewa ba. Hukumar NESREA na da ƙa'idojin kula da batura, amma doka a takarda ba ta kwashe batir daga bayan gida. Dole sharaɗin ya shiga cikin kwangilar: wanda ya kawo batir shi zai karɓe shi idan ya mutu. Tsarin musaya yana sauƙaƙa wannan, tunda batirin mallakar kamfani ne, ba na mahayi ba. Na litiyam ma yana da nasa haɗari, musamman gobara idan ba shi da inganci ko an yi masa caji da na'urar da ba tasa ba, abin da ke ƙara nuna amfanin yin caji a tasha maimakon cikin ɗakin kwana.

Ina aka dosa?

Tallafin da zai yi wa yammacin Zamfara amfani ba sai ya fi na yanzu tsada ba. Sai dai a sauya masa alƙibla.

Da farko, a karkatar da kaso mai tsoka na lamunin CREDICORP zuwa babura da kekuna da ƙananan bas-bas na haya. Kuɗin motar gida ɗaya zai iya ɗora gomman matasa ko kusa da haka a kan babur, kuma kowannensu na ɗaukar fasinjoji da dama a rana.

Na biyu, a gina lamunin bisa tsarin da jama'a suka amince da shi. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, kuma mutane da yawa ba sa kusantar bashi mai ruwa komai ƙanƙantarsa. Ijara, wato hayar da ke ƙarewa da mallaka, da murabaha, wato ciniki bisa ribar da aka bayyana tun farko, tsare-tsare ne da bankunan Jaiz da TAJ da Lotus ke aiki da su. Ba baƙon abu ba ne ga 'yan kabu-kabu, domin da yawansu a haka suke karɓar babur daga hannun masu kuɗi suna biya mako-mako, sau da yawa a farashi mai nauyi. Aikin gwamnati shi ne ta tsaya a matsayin mai lamuni domin farashin ya sauka, ba ta zama mai rabon kyauta ba. An sha ganin baburan da 'yan siyasa suka raba da safe sun isa kasuwa da yamma.

Na uku, a fara da tashar caji kafin abin hawa. Gwamnatin Dauda Lawal, wadda kason da take samu daga asusun tarayya ya ƙaru tun bayan cire tallafi kamar na sauran jihohi, za ta iya ba da fili da tsaro a tashoshin mota da kasuwanni, ta nemi a sanya garuruwan cikin shirin DARES. Tashar da ke cajin babur da rana za ta iya bai wa asibiti da shagunan kasuwa wuta da dare.

Na huɗu, a horar da kanikawa tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyar, wakilan yankin a Majalisar Tarayya, daga Sanatan Zamfara ta Yamma zuwa 'yan majalisar mazaɓun Gummi da Bukkuyum da Anka da Talata Mafara, su tambayi sabuwar Hukumar Raya Arewa maso Yamma ko tana da irin shirin da aka amince wa Arewa maso Gabas, kuma a wane tsari.

Ga ɗan kasuwa mai neman inda zai zuba jari, damar ta fi yawa a tashar caji da musayar batir fiye da shagon sayar da motoci. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, ranar mallakar motar lantarki ba ta zo ba tukuna, amma ranar da kuɗin zuwa ofis zai ragu tana iya zuwa da wuri, idan ɗan kabu-kabun da ke kai shi ya daina tsayawa a gidan mai. Ma'aunin nasarar shirin ba yawan motocin da aka yanke wa kirtani a Abuja ba ne. Kuɗin ɗaukar buhu ne daga gona zuwa kasuwar Gummi.